Ƙulli Ɗari Bakwai da Talatin

Magana ɗaya ce Kulu ta koya wa autanta Sahabi da tsumagiya, kuma ta yi shekara goma sha bakwai tana ganin ba ta taɓa yi masa gatan da ya kai wannan ba.

A 'Yankuzo ta haife shi. Ya kai shekara biyar bai ce uffan ba, da ya fara magana kuma sai ya zamana ba ya kallon idon kowa. In aka gaishe shi ya yi shiru, in aka buga ganga ko aka tada injin niƙa ya toshe kunnuwa da tafukansa yana rausaya gaba da baya. Ya fi son ya zauna gindin rumbu yana jera ƙwayar dawa layi-layi yana ƙirgawa. Wasu suka ce iska ce, aka yi rubutu, aka yi hayaƙi, aka gaji. Mafi yawan mutane kuwa ba su wahalar da kansu ba, suka ce rashin kunya ce kawai, kuma maganin rashin kunya a ƙauye kowa ya san shi. Yana shekara tara wani magidanci ya mare shi har kunnensa ya yi jini, don ya yi masa magana sau uku bai amsa ba.

Ranar Kulu ta yanke shawara. Ta ja shi bayan ɗaki, ta karyo tsumagiya, ta daka masa tsawa. In ya tsaya ƙiƙam ta tsula masa. Abin da take so shi ne da zarar babba ya ɗaga masa murya, ya durƙusa, ya sunkuyar da kai, ya ce, "Na yi laihi, na tuba, a yi hanƙuri." Wata uku tana yi, tana dukansa tana shiga ɗaki tana kuka, har abin ya zauna masa daram. Kuma ya yi aiki. Ba kowa ne zai iya ɗaga hannu a kan yaron da ya riga ya durƙusa yana neman gafara ba, don haka duka ya ragu ƙwarai.

Da zaman ƙauye ya gagara saboda 'yan bindiga, ga mai gidan Kulu ya rasu, sai suka tattara suka koma Tsafe. A nan Sahabi ya sami abin da ya dace da shi, wato ɗinkin bakin buhu a kasuwar hatsi. Basilla da zare, ɗinki ashirin da ɗaya a kowane buhu, ba ya ƙara ɗaya ba ya rage ɗaya. Masu hatsi har rububinsa suke yi, don buhun da ya ɗinke ko daga kan tirela ya faɗo ba ya buɗewa. Kulu ta fara jin cewa ko ta mutu yaron nan zai ci abinci.

Sai dai kasuwa ba ta rasa masu neman abin dariya. 'Yan kabu-kabun da ke tsayawa bakin layin hatsi sun gano Sahabi ba ya jure ƙarar hon. Sai mutum ya lallaɓo da babur ta bayansa ya danna, shi kuwa ya yar da buhu ya toshe kunnuwa, su yi ta ƙyaƙyatawa har da tafawa. Ja-gaban wannan wasa shi ne Bashiru, ɗan Ladidi maƙwabciyar Kulu, wadda katanga ɗaya ce ta raba su. Ba mugun yaro ba ne, a faɗi gaskiya, yakan ma ɗauki Kulu kyauta zuwa asibiti. Wauta ce irin ta samari da ba su san inda wasa yake ƙarewa ba.

Wata ranar kasuwa da hantsi suka ƙara wa wasan gishiri. Abokin Bashiru ya danne hon bai saki ba, shi kuma Bashiru ya kama hannuwan Sahabi ta baya ya riƙe gam don kada ya toshe kunne. Sahabi ya yi ƙara, ya fizge, ya wurga hannu baya. Basilla tana hannun, ta shige idon Bashiru na dama.

Kwana huɗu bayan haka aka kai Sahabi gaban wani majistare. Babu lauya, Kulu ba ta ma san ana neman lauya ba. Tana zaune can baya, ta ga ɗanta a cikin akwatin waɗanda ake tuhuma ya ɗaga kai yana bin fankar sama da ido, leɓensa na motsi, ta san ƙirga juyawarta yake yi. Aka karanta tuhuma, cewa ya ji wa mutum mummunan rauni da gangan. Majistare ya tambaye shi abin da zai ce. Shiru. Ya sake tambaya. Shiru. Mutumin yana da shari'a wajen talatin a gabansa ranar, zafi kuma ya ishe shi, sai ya bugi tebur ya ɗaga murya.

"Kai! Ba da kai nake magana ba?"

Kulu ta ga gwiwoyin Sahabi sun lanƙwashe tun kafin ya buɗe baki. Ya durƙusa cikin akwatin har kansa kaɗai ake hangowa, ya faɗi abin da ta koya masa, kalma bayan kalma, da muryar da ba ta hawa ba ta sauka. Majistare ya rubuta cewa wanda ake tuhuma ya amsa laifinsa. Ya ce saboda bai ɓata wa kotu lokaci ba, kuma ya nuna nadama, an sassauta masa, shekara biyu a gidan yari. Duka shari'ar ba ta kai tsawon dahuwar shayi ba.

Zaman Tsafe ya gagari Kulu. Ba wanda ya kore ta, amma kullum da safe tana jin Ladidi ta bayan katanga tana wanke wa Bashiru ramin idonsa. Rannan ta yi ƙarfin hali ta shiga gaisuwa. Ladidi ba ta zage ta ba, da ma ta zage ta da ya fi sauƙi.

"Kulu, naki shekara biyu za ya yi ya hito da idanunshi biyu," in ji ta. "Nawa hwa? Wa za ya hau babur ɗin mai ido guda? Ki tashi ki tai, don Allah."

Sai Kulu ta ɗaure kayanta ta koma Bungudu wajen 'yarta Suwaiba da ke aure can. Daga Bungudu zuwa Gusau, inda aka tsare Sahabi, tafiyar mota ce 'yar kaɗan, duk sati biyu takan je.

Zuwanta na farko ta tafi ne da shirin ganin gawa mai numfashi. Ta tarar da abin da ba ta zata ba. Ya rame, ga ƙuraje a wuyansa, amma a natse yake. Gidan yari wuri ne da ake yin komai a kan lokaci, ana buɗewa lokaci ɗaya, ana ƙirga mutane lokaci ɗaya, kuma Sahabi bai taɓa ƙin abin da yake da lokaci ba. Wani dattijon gandiroba, Malam Bawa, ya lura da shi, ya sa shi ɗinkin buhunan ɗakin ajiyar abinci. Daga zaren da ya rage Sahabi ya tufka wata doguwar igiya siririya, ya yi mata ƙulli ɗari bakwai da talatin, adadin kwanakin shekara biyun. Kowace safiya bayan sallah ya kwance ɗaya.

"Saura ɗari bakwai da sha shida, Inna," ya ce mata, yana kallon bango. Ita ce gaisuwarsa. Duk zuwan da ta yi da lambar yake tarbarta, kuma ba ta taɓa jin ya yi kuskure ba.

Wata na biyar da ɗaure shi sai ga wata matashiyar lauya ta yi sallama a gidan Suwaiba. Barista Mansura sunanta, tana cikin masu zagaya gidajen yari suna duba shari'ar marasa galihu kyauta. Ta zauna a tabarma ta ce ta ga Sahabi, ta kuma kai likita ya gan shi. Ta ce abin da ke tare da shi yana da suna, likitoci na ce masa otizim, wasu kuma galahanga. Ba hauka ba ne, ba iska ba ce, haka ƙwaƙwalwarsa take tun haihuwa. Ƙarar da wani zai ji ya wuce, shi kamar ana soka masa ƙusa ne a kunne.

Kulu ta gyara zama tana sauraro. Shekara ashirin da shida tana neman wanda zai gaya mata wannan.

"Inna, akwai abin da ban gane ba," in ji Mansura. "Da na ɗan ɗaga murya don ya ji ni, sai ya durƙusa ya ce ya yi laifi. Ban tuhume shi da komai ba. Wa ya koya masa haka?"

Kulu ta fashe da kuka, ta ba ta labarin tsumagiya tun daga farko. Mansura ta ce to ai wannan ba amsa laifi ba ne, kuma hukuncin da aka gina a kansa ba hukunci ba ne. Za a iya ɗaukaka ƙara, in Inna za ta iya tsayawa gaban alƙali ta faɗi abin da ta faɗa yanzu.

Bayan ta tafi Suwaiba ta ce, "Inna, ni dai da kin bi ta tawa da an bar shi. Ya saba, ba shi kuka, ba shi hwaɗa da kowa. Shekara guda da 'yan watanni ta rage. Mu ba mu san kan kotu ba."

"Ni na sa mai maganar ga a baki," in ji Kulu. "Ni nis sa anka ɗaure shi. Ki ce in zauna in ci tuwo?"

Ba ta saurari kowa ba. Ita a ganinta ta sami hanyar cire ƙayar da ta soka da hannunta, kuma wace uwa ce za ta ga wannan hanya ta ƙi bi?

Aka saurari ƙarar a wata kotu ta gaba a Gusau, gaban wani alƙali mai furfura da ba ya gaggawa. Aka karanta takardar likita. Aka kira Kulu, ta rantse, ta tsaya gaban baƙin maza cike da ɗaki ta faɗi yadda ta yi wata uku tana dukan ɗanta ɗan shekara tara a bayan ɗaki. Kunya ta kusa kashe ta, amma ba ta rage komai ba. Sai Mansura ta roƙi kotu ta yarda a gwada. Ta ce Inna ta ɗaga murya yadda take yi da, ta tuhume shi da duk abin da ya zo bakinta.

Kulu ta dubi ɗanta. Yana murza igiyarsa cikin aljihu. Ta nemo tsohuwar muryar nan da ta yi shekaru ba ta yi amfani da ita ba.

"Sahabi! Kai ka sace akuyar liman jiya a Bungudu!"

Mutumin da ya yi wata bakwai a kulle ya zube ƙasa nan take. "Na yi laihi, na tuba, a yi hanƙuri."

Wasu a bayan kotu suka tuntsire da dariya, irin dariyar 'yan kabu-kabu sak. Alƙali ya ɗaga kai ya dube su, suka yi tsit.

Lauyan gwamnati ya miƙe. Bai musa abin da kowa ya gani ba. Ya ce amma a tuna akwai saurayi ɗan shekara ashirin da biyu da ba zai ƙara gani da ido biyu ba. Ya ce mutumin da ya yi shekaru yana aiki da basilla ya san abin da basilla take yi. Ko dai yana da hankali, a hukunta shi kamar kowa, ko ba shi da shi, to bai kamata a sake shi cikin kasuwa da ƙarfe mai tsini a hannu ba.

Alƙali ya sassauta murya sosai, ya ce, "Malam Sahabi, ka san basilla tana huda?"

"Tana huda buhu," in ji Sahabi, yana kallon ƙafar tebur. "Tana huda ido."

"Ka yi nufin ka huda idon Bashiru?"

Sahabi ya murza igiyarsa, sannan ya amsa.

"Hon shina ƙara. Kunnena biyu. Hannuna biyu. An riƙe."

Mansura ta yi magana mai tsawo, Kulu ta fahimci rabinta. Ta ce Sahabi ba mahaukaci ba ne, ya san daidai ya san ba daidai ba, bai taɓa ɗaukar ƙwayar hatsin wani ba. Abin tambaya shi ne me ke cikin ransa a daidai lokacin da aka riƙe shi, kuma ba wanda ya taɓa tambayarsa sai yau. Ta ce za a iya yi masa shari'a in aka bi shi a hankali, aka kashe fanka, aka bar mahaifiyarsa kusa da shi, aka yi masa tambaya gajera ɗaya bayan ɗaya kamar yadda mai shari'a ya yi yanzu. In ma an same shi da laifi, a duba cewa tsokanarsa aka yi, a duba watannin da ya riga ya yi.

Bayan sati biyu aka dawo jin hukunci. Alƙali ya karanta da Turanci, tafinta yana mayarwa. Kulu ta ji an ce amsa laifin da Sahabi ya yi ba amsa ba ce, an soke hukuncin shekara biyu. Ta ɗaga hannu sama ta ce alhamdu lillahi da ƙarfi, hawaye na zuba. Ta juya don ta kama hannun Mansura, sai ta ga fuskar yarinyar ta canja.

Alƙali bai gama ba. Ya ce tuhumar tana nan, dole a sake shari'a. Amma mutumin da zai amsa duk abin da aka ɗora masa, kotu ba ta da tabbacin zai iya kare kansa. Dokar da ke gabansa ta tanadi abu ɗaya ne ga irin wannan, a ci gaba da tsare shi a sashen masu taɓin hankali har likitoci su tabbatar ya sami sauƙin da zai iya tsayawa shari'a.

Mansura ta miƙe ba tare da an ba ta izini ba. "Ya mai shari'a, wannan ba ciwo ba ne da ake samun sauƙinsa. Haka zai kasance har ƙarshen ransa."

"Na sani, Barista," in ji alƙali, kuma da gani bai ji daɗin faɗa ba. "Dokar ta san mai hankali, ta san mahaukaci. Ban ga inda ta san wannan ba. Ki kai ƙara gaba, ina fata a ce na yi kuskure."

A barandar kotu Kulu ta tambaya, "'Yar nan, kwana nawa ke nan yac ce?"

Mansura ta kasa ɗaga ido. "Bai faɗi kwana ba, Inna."

A sashen da aka mayar da Sahabi ba a barin kowa da igiya, don gudun kada wani ya rataye kansa. Malam Bawa ne ya kawo wa Kulu ita a ƙofa, a naɗe cikin leda. Ta ƙirga a mota, ta sake ƙirgawa a gida, saura ƙulli ɗari huɗu da casa'in da bakwai. Sashen kuwa ba ya shiru dare da rana, akwai masu ihu, akwai masu dukan ƙofa. Ba buhu, ba basilla. Da ta je ganinsa ta tarar ya cusa tsumma a kunnuwa, fatar bayan hannunsa duk cizo. Ya daina gaishe ta da lamba, ya daina cewa komai.

Mansura ba ta yar da su ba. Ta rubuta takardu, ta shigar da ƙara gaba, aka sa rana, aka ɗaga, aka sake ɗagawa. Likitan da zai duba shi ya zo sau ɗaya ya rubuta gaskiya, cewa yanayinsa bai canja ba. Suwaiba ba ta taɓa ce wa uwarta ai na gaya miki ba, Kulu kuwa ta gwammace a ce ta faɗa.

Ita ta ci gaba da kwance ƙullin. Ba ta san dalili ba. Kullum ta sallame sallar asuba sai ta jawo ledar daga ƙarƙashin katifa ta kwance ɗaya, da farce, wani lokaci da haƙori, don ƙullin Sahabi ba ya kwantuwa da sauƙi. Damina ta zo ta wuce, aka yi girbi, wata daminar ta kawo kai. Wata Talata ta kwance na ƙarshe, igiyar ta miƙe a cinyarta duk lanƙwasa. Da ta yi shiru a gidan Suwaiba kamar yadda aka ce mata, da yau ne za ta je ta taho da shi.

Ba ranar ziyara ba ce, amma ta shiga mota ta tafi Gusau. Malam Bawa yana ganinta ya girgiza kai.

"Gara da kinka zo, Inna. Tun da anka buɗe da sahe shina tsaye bakin ƙohwa. Ya ƙi abinci, ya ƙi zama."

Ya shigar da ita. Ta hango Sahabi ta bayan ƙarafa. Ya wanke fuska, ya cire tsumman kunnensa, ya ninke bargonsa da rigarsa guda ɗaya ya rungume a ƙirji, ya ɗora kofinsa a kai. Ashe bai daina ƙirgawa ba ko kwana ɗaya. Rabon da ya yi mata magana ya fi shekara.

"Ba saura, Inna," ya ce, yana kallon makullin ƙofar. "Yau ne."

Ta matso kusa da ƙarafan. Wani sabon gandiroba da bai san kowa ba ya taho daga ƙarshen baranda yana kaɗa sanda.

"Kai! Koma ciki! Wa ya ce ka tsaya nan?"

Sahabi ya durƙusa, kofin ya faɗi ya gangara har gaban ƙafarta.

"Na yi laihi," ya ce. "Na tuba. A yi hanƙuri."

Kulu ta durƙusa ita ma a wannan gefen ƙarafan, ta zura hannuwanta biyu ta toshe masa kunnuwa.